Ragowar kuɗin dashen hantar Yayana: ina ya dace mu kai su?

Baban_Sadiq_Mabera
Assalamu alaikum jama'a. Da yawanku kun san labarin Yayana, don wasunku sun sa hannu lokacin da muke neman taimako. Wata bakwai ke nan da aka yi masa dashen hanta a Indiya, ƙanwarmu ce ta ba shi ɓangaren tata. Alhamdu lillahi, yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, mutumin da bara war haka sai mutum biyu sun kama shi kafin ya tashi zaune, ciki ya kumbura kamar tulu, ido ya yi ɗorawa.

Abin da ya kawo ni shi ne, bayan mun biya asibiti da jirgi da masauki, mun zauna mun yi lissafi, sai muka ga naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu sun rage cikin abin da jama'a suka tara. Gida ya rabu uku. Inna ta ce a yanka sa a yi walimar godiya, a kira malamai da maƙwabta. Yaya da bakinsa ya ce a kai wa ma'aikatan ɗakin da ya kwanta a nan Sakkwato kafin mu tafi, don sati shida suka yi suna fama da shi. Ni kuma hankalina yana kan waɗanda muka baro kwance a ɗakin nan, waɗanda ba su da mai tara musu ko sisi. Mun yi zama biyu ba mu daidaita ba. Me kuka gani?

Maman_Hanan
Allahu Akbar. Wallahi na yi hawaye da na karanta. Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sa kaffara ne.

Dan_Kanwuri
Ni dai maganar Inna ni ka bi. Wanda Allah Ya tsamo daga bakin kabari, a yanka dabba a ci a gode maSa, haka munka taso munka iske. Kuma mutanen da sunka ba da kuɗin nan su za su ci, kun ga abinsu ya koma gare su. Mi ya hi wanga sauƙi?

MaiKemis_Arkilla
Baban Sadiq, don Allah ka dakata. A wurina babu wani abu mai suna ragowa a nan. Wanda aka yi wa dashe, aikin tiyatar shi ne farkon kashe kuɗi. Zai sha maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar hantar, irin su tacrolimus, safe da dare a kan lokaci, har iya rayuwarsa. Ana ɗibar jini lokaci zuwa lokaci a auna yawan maganin a jiki, don in ya yi kaɗan jiki zai far wa hantar, in ya yi yawa ya taɓa ƙoda. Idan kuma ciwon hanta nau'in B ne ya kai shi ga haka, akwai maganin ƙwayar cutar da shi ma ba a dainawa. Duk waɗannan daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi.

Na san wani bawan Allah da aka yi wa dashen ƙoda, shekara biyu lafiya lau, sai kasuwa ta juya masa baya. Ya riƙa raba ƙwaya, ta yau ta kai shi gobe. Bai gaya wa kowa ba saboda kunya, ya ce jama'a sun riga sun yi masa. Ƙodar ta lalace. Ku ajiye kuɗin nan.

Baban_Sadiq_Mabera
Na gode MaiKemis. Mun taho da maganin wata shida, kuma abokan Yaya biyu na babbar kasuwa sun ɗauki nauyin na shekara guda. Shi ma ya fara leƙa shago. Shi ya sa muka ga kamar za mu iya sakin waɗannan.

MaiKemis_Arkilla
Shekara guda kamar gobe ce ɗan'uwa. Allah Ya saka wa abokan nasa, amma alkawarin ɗan kasuwa yana tare da kasuwarsa.

Abu_Ammar_GidanIgwai
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga walima ko ma'aikata, akwai tambayar da ta riga su: kuɗin na wa ne? Mutane sun bayar ne don a yi wa wane magani. Amana ce da aka ɗaura ta da manufa. Maganin da MaiKemis yake magana a kai yana cikin wannan manufa, don haka in an ajiye don shi ba a fita daga abin da masu bayarwa suka nufa ba. In kuma kun tabbata ba ku da bukata, abin da malamai suke cewa a irin wannan shi ne a koma ga masu kuɗin a nemi izininsu, in sun yi yawa ko ba a san su ba, a sa kuɗin a abin da ya fi kama da manufar farko, wato wani maras lafiya mai irin wannan lalura.

Walima alheri ce, ban hana ba. Sai dai a yi ta daga aljihun iyali. Matar da ta cire dubu ɗaya daga kuɗin cefanenta don ta ji ana cewa mutum zai mutu, ba don a dafa shinkafa ta bayar ba.

Yar_RunjinSambo
Ni ina cikin waɗanda suka tura, ba yawa, dubu biyar ne. Na yafe, ku yi abin da kuka ga ya dace. Amma gaskiya raina zai fi kwanciya in na ji an saya wa wani magani da su.

Nas_ta_Dare
Salam. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, mafi yawa a ɗakin maza masu ciwon ciki da hanta. Baban Sadiq, ka gaya wa Yaya mun gode da ya tuna da irinmu, amma don Allah kada ku sa kuɗi a ambulan ku miƙa wa kowa. Zai jawo magana. Wadda ta yi aikin dare ba ta nan ranar da kuka zo, wadda aka canza wa ɗaki ba ta samu ba, sai abin alheri ya koma gaba. Kuma majinyacin gado na gaba yana kallo, zai ɗauka sai da kuɗi ake kula da mutum.

In kuna son ku yi wa ɗakin wani abu, ku je wurin shugabar ɗakin ku tambaye ta me ya fi damunsu, a rubuta, a karɓa a hukumance. Sau da yawa abubuwan ƙanana ne: abin awon hawan jini mai kyau, fitila mai caji, fanka, keken tura maras lafiya, ledar katifa, safar hannu. Wanda bai taɓa neman jijiyar mutumin da jininsa ya zube da fitilar waya a baki ba, ba zai san darajar fitila ɗaya ba.

Amma in faɗa muku abin da ya fi duk wannan? Ku kawo shi. Ya shigo da ƙafarsa, da rigarsa mai kyau, ya gaishe su. Mu galibi ba ma ganin ƙarshen labari. Masu irin ciwonsa ko dai a sallame su mu daina jin ɗuriyarsu, ko mu rufe musu ido. A shekarun nan duka, mutum biyu ne kawai suka dawo bayan dashe suka ce ga mu. Har yau ina tuna fuskokinsu.

Sarkin_Yakin_Dange
Ku yi haƙuri, ni ban ga dalilin ba ma'aikata komai ba. Ba albashi ake biyansu ba? Mahaifina a wani asibiti ya rasu, tun magariba muke kiran a zo a duba shi, sai bayan sha ɗaya na dare aka leƙo. Ina tsaye ina roƙo kamar mai bara. Wa zai biya ni wannan daren? A ba marasa lafiya, su ne abin tausayi.

Nas_ta_Dare
Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ba zan kare abin da aka yi muku ba, don ban ga hujjar barin mutum awa huɗu ba. Akwai marasa kirki a cikinmu, kamar kowace sana'a. Akwai kuma daren da mu biyu ne a kan ɗaki cike, ɗaya tana kan mai aman jini, ɗaya tana kan mai fizge-fizge. Ban san wanne ne ya same ku ba. Ko wanne ne, ka yi haƙuri.

Sarkin_Yakin_Dange
Amin. Na gode da ba ki musa ba.

Abu_Ammar_GidanIgwai
Maganar Nas ta yi daidai da abin da aka sani a shari'a. Kun san ƙissar mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Aka ce da shi me ya sa bai zauna a gidan iyayensa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar. Daga nan malamai suka tsananta a kan kyauta ga ma'aikaci saboda aikinsa. Wasu sun sassauta in aiki ya ƙare kuma babu wani abu da ake tsammani nan gaba, amma Yaya zai ci gaba da zuwa asibitin nan ganin likita, ka ga alaƙa ba ta yanke ba. Abin da aka ba ɗaki kowa ya amfana ya fi kuɓuta.

Sarkin Yaƙi, albashi ba ya ɗauke godiya. Hadisi ne sananne cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Baban_Sadiq_Mabera
Bari in gaya muku dalilin da ya sa Yaya ya kafe. Akwai daren da ya yi aman jini, wajen ƙarfe biyu. Ni kaɗai ne a wurinsa. Jini ya ɓata gado, ya ɓata ƙasa, ya ɓata ni. Na daskare, ko salati na kasa. Nas biyu suka rufu a kansa, ɗaya ta tura ni ɗakin jini da takarda. Da na dawo sai na tarar da wani dattijo mai share ɗakin, gemunsa fari fat, ya durƙusa yana goge ƙasa. Ya gama ya kawo ruwa a bokiti, ya goge wa Yaya baki da wuya da hannunsa, ya canza masa zane, yana ce masa, "Sannu Alhaji, ba komai, wanda Ya kawo shi Shi zai ɗauke." Ni ɗan'uwansa na ji ƙyama a daren nan, shi bai ji ba. Da asuba na ba shi dubu biyu ya ce in saya wa maras lafiya kunu.

Yaya ya ce ko a Indiya da ya farfaɗo, dattijon nan ne ya fara faɗo masa a rai. To irin wannan mutum, fanka a ɗaki me za ta yi masa? Albashinsa nawa ne?

Maman_Hanan
Irin wannan dattijo ai ku neme shi har gida. Ku kai masa buhun gero da turmin shadda daga aljihunku, ku ƙulla zumunci. Ba sai an yi a asibiti ba.

Hajiya_Inno
Tun ɗazu ni ka karatu, an yi maganar Inna, an yi ta malamman asibiti, an yi ta mai shara, ban ji wanda yat tambayi lahiyar yarinyar da anka tsaga ma ciki ba. Ita ba ta da ciwon komi, ta bar ɗiyanta ta hau jirgi ta kwanta anka yanke mata hanta. Ina take? Wa ka yi mata daka da wanki? Mijinta da yay yarda, an je an yi mai godiya? Ku maza haka ku ke, ku tuna da na nesa ku mance da ta cikin gida.

Yar_RunjinSambo
Hajiya kin faɗi abin da ke raina.

Na_ba_Babana
Allah Ya saka miki Hajiya. Ni na ba mahaifina ɓangaren hantata a Masar shekara huɗu da suka wuce, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu.

Idan babba za a ba, yawanci ɓangaren dama ake cira, wanda ya fi rabin hantar, kuma ana haɗawa da matsarmama a cire. Kafin nan sai da suka zaunar da ni ni kaɗai, ba Baba ba kowa, suka gaya mini ƙarara cewa aikin yana da haɗari har na rai, ko da yake ba kasafai ba, kuma in na fasa za su rufa mini asiri su ce ban dace ba. Na sa hannu. Na farka da bututu a hanci da wani a gefen ciki, tari ma sai na rungume filo. Wata uku aka hana ni ɗaukar abu mai nauyi, ni kuwa aikina lodi ne a lokacin, sai da na bar shi.

Abin da ba a faɗa shi ne, da aka dawo gida kowa wurin Baba yake zuwa. Haka ya kamata, shi ne maras lafiya. Amma akwai ranakun da nake kwance a ɗaki ciki yana ja, ina jin hayaniyar masu barka a zaure, ba wanda ya leƙo. Ban yi nadama ba ko na minti ɗaya, Baba yana nan da ransa, ya ga auren ƙannena biyu. Ina dai cewa ku kula da ita. Ku tabbata ta yi gwajin da aka ce ta yi na wata shida da na shekara. In tana da sana'ar da ta tsaya, ku tayar mata.

Dan_Illela_01
Tambaya don Allah, da gaske ne hanta tana sake tsirowa? Kuma ba haramun ba ne mutum ya cire wani abu a jikinsa, tunda jikin ba nasa ba ne?

Likita_Bodinga
Da gaske ne. Hanta ce kaɗai a manyan kayan ciki take da wannan baiwa. Abin da ya rage a jikin mai bayarwa yana girma cikin makonni, zuwa 'yan watanni ya kusa cika girmansa na da, haka ma wanda aka dasa wa maras lafiya. Siffar ba ta komawa yadda take, amma aikin yana komawa. Dashen hanta na farko da maras lafiya ya rayu bayansa an yi shi a Amurka a 1967, likita Thomas Starzl ne ya yi. Ɗauka daga mai rai kuwa sai a 1989 aka fara cin nasararsa, da yara aka fara. Ƙoda daban ce, ita biyu ce ake ɗaukar ɗaya, kuma ita an daɗe ana yi a ƙasar nan, Asibitin Malam Aminu Kano ya fara tun 2002.

Abu_Ammar_GidanIgwai
Ɗan Illela, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta, da sharuɗɗa: mai bayarwa ya yarda da kansa yana da hankali, abin da za a cira kada ya zama wanda rayuwarsa ta dogara a kai, kuma kada a sayar. Akwai malaman da suka saɓa, amma wannan shi ne abin da mafi yawa suke kai. Sayarwa kuwa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana.

Wannan ya shafi maganar Hajiya Inno. Kula da ƙanwar, biyan gwajinta, mayar mata da abin da ta rasa saboda jinya, duk yana cikin kuɗin magani, babu laifi a ɗauka daga abin da aka tara. Abin da za a guje wa shi ne a mayar da shi kamar farashi.

Likita_Bodinga
Baban Sadiq, tambaya ɗaya. Me ya lalata hantar Yaya? In nau'in B ne, an gwada sauran gidan?

Baban_Sadiq_Mabera
Shi ne, Likita. Kuma nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Mu huɗu muka je gwaji don a ga wanda zai bayar, mu uku 'yan ɗakin Inna duk aka same mu da ita, har da ni. Ba wanda ya taɓa sani. Ƙanwar tamu 'yar ɗakin Gwaggo ce, uba muka haɗa, ita kaɗai ta fita lafiya kuma jininsu ya zo ɗaya. A Indiya sai da aka kai takardun shaidar dangantaka, aka yi gwajin jini, wani kwamiti ya yi mata tambayoyi ita kaɗai kafin su yarda. Hajiya Inno, na karɓi faɗanki. Muna zuwa gaishe ta, amma ban taɓa tambayarta ɗinkin da take yi ya tsaya ko bai tsaya ba.

Likita_Bodinga
To ka ga inda ni zan kai kuɗin in ni ne. Irin labarin gidanku shi muke gani kullum: ciwon ya shiga tun ana jarirai, daga uwa wajen haihuwa ko tsakanin yara, ya zauna shiru shekara talatin ko arba'in, sai ranar da ciki ya kumbura. Kuma ba laifin uwa ba ne, ita ma ba ta sani ba, a lokacin babu rigakafin a asibitocinmu. Sai a 2004 aka sa shi cikin alluran yara a Najeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da nau'in B a duniya, mafi yawansu ba su sani ba.

Kuɗin da ba zai biya ko kashi ɗaya cikin goma na dashe ba, zai gwada ɗaruruwan mutane a Mabera. Wanda ba shi da ita a yi masa allura uku, ta farko, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Wanda yake da ita a duba ko yana bukatar magani, akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, tana danne cutar. Mai ciki in an san tana da ita, a tabbata jaririn ya samu allura cikin awa 24 da haihuwa. Nau'in C ma yanzu ana warkewa da maganin wata uku. Kai ma da 'yan'uwanka ina fata kuna ganin likita, matanku da yaranku kuma an gwada su.

Wanzamin_Kware
Likita kafin a zo kanmu, don na san za a zo. Mu yanzu da yawa reza sabuwa muke sa wa kowa, a gaban mutum ake ɓare ta. Masu yankan farce na yawo su ya kamata a yi wa magana, almakashi ɗaya tun safe har dare.

Likita_Bodinga
Allah Ya yi albarka, haka ake so, har wajen kaciya da ƙaho da cire belu. Kuma jama'a su sani ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa ko zufa. Na ga matar da aka ware wa kofi da cokali a gidan mijinta shekara biyu a kan jahilci. Sannan don Allah masu ita su bar jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika a bakin kasuwa. Hantar da ta riga ta gaji, kowane abu aka sha ita ke tace shi.

Umar_Faruk_Wamakko
An yi nisa da tambayar. Ni shawarata, me zai hana ku kai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha? Suna da ɓangaren taimakon marasa lafiya, sun san mabukata fiye da mu. Ko ku sa ya zama tushen wani asusu na masu ciwon hanta, wasu su riƙa ƙarawa.

Sarkin_Yakin_Dange
Asusu kuma? Nan ake fara samun matsala. Yau a buɗe, gobe a naɗa shugaba da ma'aji, jibi a ji shiru. Sau nawa aka sa hoton maras lafiya a Facebook aka tara kuɗi, daga baya aka gano ya rasu tun bara ko ma ba a ƙasar nan yake ba? In za ku taimaki na kwance, ku je da kanku, ku karɓi takardar magani, ku biya a kemis ko wurin biyan kuɗin asibiti, ku riƙe rasit. Kuma Baban Sadiq, ku fitar da lissafin duk abin da aka tara da abin da aka kashe kowa ya gani. Ba don ana zarginku ba. Don na gaba da zai nemi taimako a yarda da shi.

Yar_RunjinSambo
Lissafi e, amma ban da hotuna. Ba na son abin nan da ake yi, a tsaya kan maras lafiya yana kwance ba riga, a miƙa masa leda ana ɗauka. Talauci bai cire masa mutunci ba.

Abu_Ammar_GidanIgwai
Duka biyun suna da wuri. Aya ta 271 a Baƙara ta yabi bayyana sadaka, ta ce ɓoye ta ga matalauta ya fi. A bayyana adadi saboda amana, a ɓoye fuskar wanda aka ba. Malam Umar, ƙarin bayani kaɗan: in akwai wanda ya bayar da niyyar zakka a cikin kuɗin nan, wannan kason ba a sayen fanka da shi, sai a ba matalauci ko wanda bashi ya danne. Fanka da keke sai daga sadaka.

Uwar_Marayu_Minannata
Ni mijina bai kai ga dashe ba. An faɗa mana kuɗin, muka dubi juna, muka dawo gida. Wata biyar ya yi, duk sati biyu a je a zuƙe ruwan ciki. Ina taya ku murna da zuciya ɗaya, Allah Ya sani.

Abin da nake so ku tuna shi ne masu jinya. Matan da ke kwana a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, daga Gwadabawa, daga Tangaza, wasu daga Nijar, kuɗin da suka zo da shi ya ƙare a gwaji tun satin farko. Na yi kwana biyu ba abin da na sa a ciki sai ruwa, ina ɓoye wa maigida. Wata mata da ban san ta ba, daga unguwar da ke kusa, ita ta riƙa kawo mini tuwo a kwanon sha kullum bayan magariba har muka bar wurin. Ko sunanta na gaskiya ban riƙe ba, Maman Yara ake ce mata. In Inna tana son a dafa abinci, a dafa, amma a kai can.

Dan_Kanwuri
To kun ji. Wagga magana ta yi. Ni ban janye batun walima ba, don tsohuwa ta kwana nawa tana kuka, a bar ta ta yi murna. Amma na yarda da Malam, kada a taɓa kuɗin jama'a. Ina da rago, na ba Inna. A dahwa, rabi a ci gida, rabi a kai ma masu jinya.

Nas_ta_Dare
Allah Ya saka. In za a kai, a ba masu jinya kawai, kada a ba marasa lafiyar kai tsaye, da yawansu an hana su gishiri. Kuma matasan da za su ɗauki kulolin, in sun isa su biya ta ɗakin jini. Mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku, kuma za a gwada shi kafin a ɗiba, ka ga ya san matsayinsa. Daren da Yaya ya yi aman nan, jinin wani ne ya riƙe shi.

Baban_Sadiq_Mabera
Na gode ƙwarai jama'a. Jiya da dare na karanta wa Yaya da Inna duk abin da kuka rubuta. Inna ta yi shiru da aka zo maganar Uwar Marayu, daga baya ta ce a kai can ɗin. Ɗan Kanwuri, ta ce a gaya maka Allah Ya yi maka albarka.

Da safe na je gidan ƙanwarmu. Keken ɗinkinta yana rufe da zane tun da muka dawo, ta ce taka shi yana ja mata ɗinkin ciki, masu kawo mata aiki sun koma wani wuri. Wata bakwai ba ta gaya wa kowa ba. Gwajin wata shida ma ba ta yi ba. Mun yanke za a yi mata gwajin a satin nan, kuma za mu saya mata keke mai lantarki, ni da ƙanena za mu biya. Da na ce mata ana shawarar abin da za a yi da ragowar, sai ta ce a gwada matan unguwa masu ciki.

Mun tsayar da fitar da lissafi, kuma za mu sa sanarwa a masallatan da aka yi mana yekuwa, duk wanda bai yarda a juya kuɗinsa ba ya zo ya karɓa. Yaya zai je ɗakin ranar Asabar da ƙafarsa. Inda har yanzu muka tsaya shi ne rabon: shi yana son kaso mai tsoka ya tafi ɗakin, ni ina tare da Likita, ƙanena kuma ya koma bayan MaiKemis.

MaiKemis_Arkilla
Ƙanenka ya yi daidai. Ko rabi ne ku ajiye, a asusun da ba mai taɓawa sai don magani. Ba na so shekara biyu nan gaba in ga sanarwar neman taimako da sunansa karo na biyu, lokacin mutane ba za su motsa kamar na farko ba.

Likita_Bodinga
Ban ƙi a ajiye wani abu ba. Amma ko dubu ɗari uku aka ware za a yi aiki da ita. In kun shirya zan nemo masu gwaji, sai dai a fara tanadar inda za a tura waɗanda aka samu da ita, kada a gaya wa mutum yana da cuta a sake shi a titi.

Nas_ta_Dare
Ranar Asabar ya sa takunkumi kafin ya shiga, kada ya zauna a gadon kowa, kada ya daɗe, maganin da yake sha ya rage masa garkuwar jiki. In dattijon nan na dare ne, ku je da sassafe kafin a canza aiki.

Amarya_Tambuwal
Salam, yanzu aka turo mini wannan. Maigidana ne aka ce hantarsa ta ƙanƙance, likita ya ambaci dashe. Jinina O ne, nasa B. Baban Sadiq, mata tana iya ba mijinta? Kuma wace takarda kuka fara nema?